Wa Ke Ciyar da Yaran Mai Wurno? Aikin Agajin Katolika da Yunwar Yara a Sudan

Ranar Talata ce ranar awon yara a ɗakin sha-ka-tafi inda nake aiki. Wata Talata wata dattijuwa ta kawo jikanta awo. Ina ɗaura masa ma'aunin dantse sai ta ce mini, “'Yata, 'ya'yan ƙanena suna can Sudan, a Mai Wurno. Wata biyar ke nan ba mu ji muryarsu ba. Wa ke ciyar da yaran can?” Kafin in buɗe baki ta ƙara da cewa, “An ce mutanen Fada suna raba abinci. To, ba addininsu za su karɓe ba?”

Tambayoyin nan biyu su ne dalilin wannan ɗan littafi. Ni ba 'yar Katolika ba ce, 'yar Ikilisiyar Lutaran ce, aikina kuwa jinya. Zan gaya maka yadda talauci ke cin jikin yaro a ƙauyukan Hausawan Jazira da Shuɗin Nilu, da irin taimakon da Katolika suke yi a ƙasar, da inda taimakon ya tsaya. Daga nan mu ga abin da kai da iyalinka za ku iya yi tun daga yau.

YADDA HAUSAWA SUKA ZAUNA CAN

Tun zamanin da, hanyar Makka ta ƙasa ta Sudan take bi. Alhazai sukan yi shekaru a hanya, suna noma suna ƙodago don su tara kuɗin jirgin ruwa. Waɗansu sun ƙetare, waɗansu sun zauna. A shekarar 1903 Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a yaƙin Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas da sauran jama'a, har suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar. Garin shi ne Mai Wurno, yana nan har yau. Mutanen Sudan suna kiran irin waɗannan baƙi Fallata ko Takari.

A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe babbar gonar auduga ta Jazira, wadda daga baya ta kai faɗin eka sama da miliyan 2. Gonar tana bukatar hannu, Hausawa da mutanen Darfur suka zama 'yan ƙodagonta. Da yawansu ba su sami filin kansu ba. Aka zaunar da su a ƙananan unguwanni a bakin magudanan ruwa. Sunan irin unguwar nan kambo, jam'inta kanabi. Jikoki da tattaɓa-kunnen waɗancan mutane suna nan cikin kanabi, yawanci babu famfo, babu asibiti, makaranta kuma da nisa.

Sai wahala ta ƙaru a kan wahala. A watan Yuli na 2022 rikici ya tashi a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da waɗansu ƙabilun wurin, a kan ƙasa da sarauta. Ya shafi Rusairis da kewayenta. A watan Oktoba na shekarar aka kashe mutum sama da 200 a yankin Wad al-Mahi cikin 'yan kwanaki. Dubban iyalai suka gudu zuwa Damazin da Sinnar da Jazira da jihar Farin Nilu. Ba su gama farfaɗowa ba babban yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF. A Disamba 2023 RSF suka kama Wad Madani, babban birnin Jazira. A lokacin aka wawushe rumbun Hukumar Abinci ta Duniya da ke garin, mai ɗauke da abinci fiye da tan 2,500. Soja sun karɓe garin a Janairu 2025, amma a watan nan ma an kai wa waɗansu kanabi hari. A tsakiyar 2024 masana sun ƙiyasta cewa mutum wajen miliyan 25, wato rabin jama'ar ƙasar, suna cikin matsananciyar yunwa.

YADDA TALAUCI KE SHIGA JIKIN YARO

Talauci ba ya kashe yaro rana ɗaya, a hankali yake bi. Ka ɗauki gidan ɗan ƙodago a kambo. In an yi aiki an ci, in ba a yi ba an kwana haka. Abincin kullum kisra ce ko asida ta dawa, da miya tsululu. Cikin babba yana iya ɗaukar tuwo mai yawa. Cikin yaro ɗan shekara ɗaya ƙarami ne, yakan cika tun bai sami abin da jikinsa ke bukata ba.

Ruwan sha kuma daga magudanar gona ake ɗiba. A nan ake wanka, a nan ake wanki, a nan dabbobi ke sha. Ruwan yana kawo gudawa. Yana kuma kawo tsargiya, domin ƙananan dodon-koɗi masu ɗauke da cutar suna zaune a cikinsa. Sauro ma a nan yake ƙyanƙyasa, shi ya sa zazzaɓin cizon sauro ya daɗe yana damun Jazira.

To, ga yadda abin yake juyawa. Yaro ya yi gudawa, ya ƙi cin abinci, ya rame. Da ya rame ƙarfin jikinsa na kare kai ya ragu, sai wata cuta ta same shi da sauƙi. Ita ma ta hana shi ci, ya ƙara ramewa. In ƙyanda ta shigo a wannan hali, ko amai da gudawa irin wanda aka yi shelar ɓarkewarsa a Sudan a watan Agusta 2024, yaron ba shi da abin tsayawa. Wannan ramar ita muke kira tamowa. Ba maita ba ce, ba kuma baki aka yi wa yaron ba. Ciwo ne, yana da magani.

SU WANE NE MASU AGAJIN KATOLIKA A SUDAN?

Aikinsu a ƙasar ya daɗe. Wani limamin Katolika ɗan Italiya, Daniyel Komboni, ya iso Sudan a 1858. Ya zama bishop a 1877, ya rasu a Khartum a 1881. Ra'ayinsa shi ne a koya wa 'yan Afirka aiki su ɗaga ƙasarsu da hannunsu. Mabiyansa maza da mata sun buɗe makarantu a Khartum da Atbara da Port Sudan da El Obeid da Wad Madani. Kwalejin Komboni ta Khartum ta fara a 1929. Musulmi da yawa sun yi karatu a makarantun nan, sun fita suna Musulminsu.

A 1972 bishop-bishop na ƙasar suka kafa hukumar agajinsu mai suna Sudanaid, wadda ke cikin ƙungiyar Caritas ta duniya. Jazira da Sinnar da Shuɗin Nilu da Farin Nilu duk suna ƙarƙashin babban bishop na Khartum ne.

A shekarun 1980 fari da yaƙin kudu suka koro dubban iyalai zuwa gefen Khartum. Babban bishop na lokacin, Gabriel Zubeir Wako, ya kafa makarantu a sansanonin 'yan gudun hijira, waɗansu rumfar zana ce kawai. Yara sukan sami karatu da ɗan abin kalaci. Ƙungiyar Saint Vincent de Paul, wadda aka kafa a Faransa a 1833, ta buɗe wuraren ciyar da ƙananan yara, da gidajen renon yaran da ke kwana a titi, da wuraren koyon sana'a. Mabiyan Don Bosco su ma sun koya wa samari kafinta da walda da kanikanci a Khartum da El Obeid.

Akwai kuma hukumomin waje. CRS ta Amurka, wadda aka kafa a 1943, ta yi shekaru tana aiki a Darfur da Khartum. CAFOD ta Ingila tana aikin ruwan sha da masai a jihar Farin Nilu, wajen Kosti, tsakanin 'yan gudun hijirar Sudan ta Kudu da ƙauyukan da suka sauke su.

Ko cikin yaƙin nan waɗansu ba su gudu ba. A unguwar Shajara ta Khartum akwai gidan sistoci mai suna Dar Mariam. Sun ɓoye mata da yara gommai fiye da shekara guda, bam ya faɗa wa gidan a Nuwamba 2023, sai a 2024 aka samu aka fitar da su.

Ka lura da abu ɗaya. Yawancin ayyukan nan a birane suke da sansanoni. Ƙauyukan Hausawa na Musulmi ne, kanabi kuma suna can cikin gonaki. Saboda haka ɗan kambo yakan gamu da wannan taimako ne in ya shigo gari, ko in gudu ya kai shi sansani.

HANYOYI HUƊU NA TAIMAKO

Na ɗaya, ruwa da masai. Rijiyar burtsatse guda, ko tankin ruwa da aka sa wa maganin kulorin, yana hana gudawa a gidaje da yawa lokaci ɗaya. Riga-kafi ya fi magani, kuma ya fi araha.

Na biyu, abincin magani. Wataƙila ka taɓa ganin 'yar ledar nan ta Plumpy'Nut, wadda mata ke kira madarar tamowa. An ƙirƙiro ta a Faransa a 1996. Tunkuzar gyaɗa ce da garin madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki, kowace leda giram 92. A yunwar Nijar ta 2005 an warkar da dubban yara da ita a Maraɗi, uwayensu na ba su a gida. Yanzu asibitocin gwamnati da na mishan da hukumomin agaji duk da ita suke aiki.

Na uku, kunun gida mai ƙarfi. A arewa maso gabashin Nijeriya CRS ta koya wa mata haɗin da ake kira Tom Brown. Ana zaɓen uwa guda a unguwa, ta tara 'yan'uwanta mata, su haɗa garin tare, kowace ta riƙa dama wa ɗanta na tsawon makonni. Kayan haɗin duk na kasuwarmu ne.

Na huɗu, asusun mata. CRS tana kafa ƙungiyoyin ajiya da rance da ake kira SILC a ƙasashen Afirka da dama. Ɗan'uwan adashi ne. Mutum 15 zuwa 30 suna zuba abin da ya sawwaƙa kowane mako cikin akwati mai makulli. Mai bukata ta ranta ta yi sana'a ta mayar. Akwai kuma ɗan asusu na daban don ciwo ko rasuwa. In shekara ta kusa zagayowa a raba. Ba kuɗin Bature a ciki ko kwabo. Amfaninsa ga lafiya a fili yake: uwar da ke da kuɗin mota a hannu ba ta jira sai ɗanta ya galabaita kafin ta kawo shi.

TO, ZA A KARƁE ADDININ YARA?

Tambayar dattijuwar nan ba ta wauta ba ce, kuma ba ita kaɗai ke yin ta ba. Na sha ganin uba ya hana a kawo ɗansa asibitin mishan saboda wannan tsoro, sai da ƙafafun yaron suka kumbura. Waɗansu mun cece su, waɗansu an makara.

Ga abin da ke rubuce. A 1994 manyan hukumomin agaji suka amince da wata ƙa'idar aiki tare da Red Cross. Caritas da CRS suna cikin waɗanda suka tsara ta, haka ma Tarayyar Lutaran ta Duniya. Ƙa'idar ta ce a ba da agaji bisa ga bukata kawai, ba a duba ƙabila ko addini, kuma kada a mai da agaji tarkon jawo mutum ga wani addini ko siyasa. Paparoma Benedict na 16 ya maimaita wannan a wasiƙarsa ta farko ga mabiyansa. A Darfur, inda kusan kowa Musulmi ne, Katolika da sauran ikilisiyoyi sun haɗa hannu a 2004, sun yi aikin ruwa da asibiti da ciyar da yara.

Saboda haka ka san haƙƙinka. Ba wanda ya isa ya ce sai ka shiga coci, ko ka canja wa ɗanka suna, ko ka biya kuɗi, kafin a ba shi abincin magani. Ba wanda ya isa ya nemi mace da lalata a bakin buhun hatsi. Duk ma'aikacin da ya yi haka ya karya dokar hukumarsa. Ka kai ƙararsa wurin shugaban wurin, ka tafi da mai unguwa ko liman a matsayin shaida.

INDA AGAJI YA TSAYA

Kada in yaudare ka. Agaji ba ya ba ɗan kambo gona, ba ya ba shi takardar ɗan ƙasa, ba ya tsayar da yaƙi. Motar agaji takan tsaya inda hanya ta mutu ko inda bindiga ta tare. Kuɗin kuma daga nesa yake zuwa. Da Amurka ta dakatar da yawancin tallafinta a farkon 2025, wuraren dafa abinci da yawa a Sudan sun rufe.

Waɗanda suka fi ciyar da jama'a a yaƙin nan su ne maƙwabta. Matasan unguwa sun kafa kwamitocin gaggawa, suka girka manyan tukwane da ake kira takaya, al'adar da ta samo asali daga zawiyoyin shehunai. 'Yan'uwa da ke waje suna aiko kuɗi ta waya. Wannan ne amsar tambayar farko ta dattijuwa. Yaran Mai Wurno, iyayensu da maƙwabtansu da danginsu ne ke ciyar da su da farko. Hukumomin agaji, na Katolika da na Musulmi da na Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙari suke yi a inda suka iya kaiwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

ABIN DA ZA KA YI A GIDANKA

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tamowar da ke Jazira tana nan a ƙauyukanmu, musamman daga tsakiyar damina zuwa kaka, lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

1. Ku auna dantsen yaro. Daga wata 6 zuwa shekara 5, a kai shi awo kowane wata. Ma'aunin yana da launi uku. Kore, wato sama da santimita 12.5, lafiya lau. Rawaya, tsakanin 11.5 da 12.5, yaro ya fara ramewa. Ja, ƙasa da 11.5, a kai shi asibiti a ranar.

2. Ku duba kumburi. Ki danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa, ki ƙirga uku a hankali, ki ɗaga. In gurbin yatsa ya zauna a ƙafa biyun, tamowa ce mai tsanani, ko da yaron ya yi kamar mai ƙiba.

3. Ke uwa, nono zalla har wata 6, ba ruwa, ba jiƙo. Bayan haka ki fara ba shi kunu mai kauri, ki ci gaba da shayarwa har shekara 2. Ko kina cikin yunwa nononki yana da amfani. Maigida, ka fara ƙosar da mai shayarwa.

4. Ku haɗa garin kunu. Gero ko dawa mudu 6, waken soya mudu 3, gyaɗa mudu 1. A jiƙa waken soya, a cire ɓawon, a shanya. A soya kowanne daban sama-sama, a haɗa a niƙa, a adana cikin mazubi mai murfi. A dama da kauri, yadda ba zai zube daga cokali da sauri ba. In babu waken soya a sa farin wake, a ƙara gyaɗa. Ɗan mai, da garin zogale ko na kifi, suna ƙara masa ƙarfi. Wannan kunu na mai kore ne da mai rawaya. Mai ja sai abincin magani.

5. In an ba ki ledar madarar tamowa, ta mai ciwon ce shi kaɗai. Kada ki raba wa yayyensa, kada ki sayar, kada ki dama ta da ruwa. Ki wanke hannu, ki ba shi kaɗan-kaɗan, ki bi da ruwa mai tsabta. Ba a ba jaririn da bai kai wata 6 ba.

6. In gudawa ta kama shi, ki haɗa ruwan gishiri da sukari na leda yadda aka rubuta. In babu, ki sami tafasasshen ruwa lita 1 da ya huce, ki zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Ki karɓi ƙwayar zinc a asibiti, ya sha kwana 10 zuwa 14. Kada ki daina ba shi nono da abinci. In yaron mai ja ne ko mai kumburi, kada ki tsaya haɗin gida, ki kawo shi.

7. Ku kwana cikin gidan sauro, ku cika alluran riga-kafi, musamman ta ƙyanda. Yaron da ke fitsarin jini a kai shi a ba shi maganin tsargiya.

8. Ku garzayo asibiti ko da tsakar dare in yaro ya kasa shan nono, ko yana aman duk abin da ya ci, ko yana jijjiga, ko numfashinsa na sauri, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai.

In kana da dangi a Sudan kuma waya ta shiga, bayan gaisuwa ka tambayi yaran ɗaya bayan ɗaya. Ka karanta musu waɗannan abubuwa takwas. Ka gaya musu duk inda suka ji ana awon yara, ko na gwamnati ne, ko na masallaci, ko na Fada, su kai nasu ba tare da tsoro ba. In kana da abin aikawa, ka aika, komai ƙanƙantarsa.

Jikan dattijuwar nan rawaya ya nuna a ranar. Na koya mata haɗin kunu, ta ce ai ta iya suyar gyaɗa tun ba a haife ni ba. Bayan mako shida ta dawo da shi, ma'auni ya shiga kore. Ta ce mini ƙaninta ya bugo waya, suna raye, kuma ta karanta masa mudu shida da uku da ɗaya har sau biyu.

In ka gama karanta wannan ɗan littafi, ka karanta wa maƙwabcinka da bai iya karatu ba. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, mu da 'yan'uwanmu na Sudan.